Iska Kyauta Ce, Injinta Kuwa Sai Da Mai Kula: Darasi Daga Jazira Da Lambar Rimi



A watan Janairun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashar wutar lantarki ta Shuwak, nan take Gadarif da Kasala da Sinnar suka faɗa cikin duhu. 'Yan kwanaki kafin nan an kai irin wannan hari wajen madatsar Marawi da ke arewa. Duk wanda ke zaune a Gadarif ya san ɗaukewar wuta, wadda mu a nan muke ce wa kahraba, ba ta tsayawa ga fitila da fanka. Injinan turo ruwa sukan tsaya, farashin ganga a wajen masu karo ya tashi, maganin da ke firjin asibiti ya shiga haɗari. Tun daga lokacin masu sauraronmu a rediyo suke ta maimaita tambaya guda: ga iska tana kaɗawa dare da rana, ba mai sayar da ita, ba mai iya kai mata hari, me ya hana a mayar da ita wuta?

Tambaya ce mai kyau, kuma tarihi ya riga ya ba da rabin amsarta. An taɓa gwada iska a ƙasar nan, an kuma gwada ta a ƙasar Hausa. Abin da ya sami waɗancan ayyuka shi nake so mu duba tare, domin a cikinsa ne amfanin makamashin iska da illarsa suka fi fitowa fili.

Tsohuwar ma'aikaciya

Iska ta daɗe tana yi wa ɗan Adam aiki ba lada. Matar da ta ɗaga ƙwarya tana shiƙar dawa a masussuka makamashin iska take amfani da shi, ko da ba ta taɓa jin sunan ba. A kogin Nilu kuwa Allah Ya shirya abin da kyau: ruwa na gangarawa arewa, iska ta fi yawan kaɗawa kudu. Saboda haka tun zamanin Fir'aunoni mai jirgi kan ɗaga filafili idan zai haura, ya sauke shi idan zai gangara.

Mu Hausawan Sudan muna da namu rabon a wannan tarihi. Kakanninmu da suka taso daga Sakkwato da Kano da Katsina da nufin sauke farali, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu kusa da Sinnar, da yawansu da ƙafa suka ratso ƙasa har Sawakin. Daga can jiragen filafilai ne suka tsallakar da da yawa daga cikinsu Bahar Maliya zuwa Jidda. Sun san daɗin iska, domin ba su sayi mai ba. Sun kuma san halinta, domin ran da ta kwanta sai jirgi ya tsaya cak a tsakiyar teku, guzuri na ƙarewa.

Injin niƙa mai aiki da iska a ƙasashen Musulmi aka fara saninsa. Masanin tarihi Mas'udi, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya ambaci yankin Sijistan, tsakanin Iran da Afganistan na yau, inda mutane ke sa iska tana juya dutsen niƙa. Yanki ne da ake da wata iska mai ƙarfi da ke shafe kimanin kwana 120 tana kaɗawa daga gefe guda. Har yau a garin Nashtifan na Iran akwai irin waɗannan injina na laka da itace. A ƙarshen ƙarni na 12 injin niƙa na iska ya bayyana a Ingila da arewacin Faransa, daga baya mutanen Holan suka yi amfani da shi wajen kwashe ruwa daga fadamu suna mayar da su gonaki.

A Amurka, a 1854, wani mutum mai suna Daniel Halladay ya ƙera famfon iska mai juya fuskarsa da kansa duk inda iska ta juya. Irin wannan famfo ya bazu a filayen kiwo, yana jawo ruwa daga rijiya wa shanu da jiragen ƙasa. Wutar lantarki daga iska kuwa ta fara ne a 1887 a hannun James Blyth a Sikotland, sai Charles Brush a birnin Kilibland na Amurka da injinsa mai kilowat 12, sai Poul la Cour a Denmak daga 1891. Amma da gawayi da man fetur suka yi araha, aka kuma kai layin wuta ƙauyukan Amurka a shekarun 1930, sai aka juya wa iska baya. Ba a waiwaye ta da gaske ba sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973. A lura da wannan: sau da yawa mutum ba ya tuna iska sai mai ya yi tsada.

Famfunan Jazira

A shekarun 1950 an kafa famfunan iska kimanin 250 a yankin Jazira, ƙirar Ostireliya, domin samar wa ƙauyuka ruwan sha. Jazira kuwa ba baƙon wuri ba ce gare mu, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 Hausawa ke cikin masu cirar auduga a can. Famfon abu ne mai sauƙin fahimta. Doguwar hasumiyar ƙarfe ce, a samanta faifai mai fikafikai da yawa, iska ta juya faifan, shi kuma ya riƙa ɗaga sandar famfo yana sauke ta, ruwa na hawowa cikin tanki. Idan iska ta kwanta, abin da ke tanki ya riƙe gari kwana ɗaya ko biyu.

Famfunan nan sun yi aiki, daga baya suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Iskar Jazira ba ta ragu ba. Abin da ya faru shi ne kayan gyara suka yi wuyar samu, masu sanin gyaran ba su da yawa, ga injin dizal ya shigo da araha, kana tayar da shi yana ba ka ruwa ko da ganye ba ya motsi. Fatar famfo da ba ta kai kuɗin tunkiya ba, idan babu ita, ta isa ta tsayar da injin da aka ɗauko daga wata nahiya. Haka ƙauye bayan ƙauye ya koma dizal.

A lokacin wannan zaɓi ya yi kama da dabara. Gadarif ma a kan dizal ta girma. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, daga nan ya bazu har yankin ya zama rumbun dawa da riɗi na ƙasa. Da Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai a 1999 sai aka ƙara sakankancewa. Amma a 2011 Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man. A 2021 gwamnati ta janye tallafin mai. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, matatar Jaili da ke arewa da Khartum ta daina aiki. Yau manomin da ke neman dizal ga tarakta da ɗan ƙauyen da ke neman sa ga injin rijiya duk layi ɗaya suke bi. Arahar da aka gani a shekarun baya, jikoki ne ke biyan kuɗinta.

Lambar Rimi

Labari na biyu daga ƙasar kakanni yake. A 2005, lokacin Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina, aka ƙudiri aniyar kafa tashar wutar iska a Lambar Rimi, cikin ƙaramar hukumar Rimi, ba nisa da birnin Katsina. Da ya zama shugaban ƙasa a 2007 sai aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya. Tsarin shi ne injina 37, kowanne mai kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10. Kamfanin Vergnet na Faransa aka ba kwangilar. Injinansa masu fiffike biyu ne, kuma an ƙera su yadda za a iya kwantar da su ƙasa domin gyara ko idan guguwa ta taso, ba sai an nemo ƙaton injin ɗaga kaya ba. A takarda abin ya dace da wurin.

A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka kai hari gidan da injiniyan kamfanin, Francis Collomp, yake zaune a garin Rimi, suka tafi da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhaki. Ya shafe kusan wata 11 a hannunsu kafin ya kuɓuta a Zariya a Nuwambar 2013. Aiki ya tsaya. Injinan da aka kafa da kayan da aka sauke suka zauna cikin rana da ƙurar hunturu shekara da shekaru. Ministoci sun sha zuwa suna duba wurin, an sha sanar da lokacin kammalawa, ana ɗagawa. Yaron da aka haifa shekarar da aka fara maganar ya girma ya kai shiga jami'a mutanen Katsina ba su gama cin moriyar abin da aka yi musu alkawari ba.

Abin lura shi ne wannan kamfani dai shi ya yi aikin tashar Ashegoda kusa da Makale a Habasha, mai megawat 120, wadda aka buɗe a 2013. Aikin da ya ninka na Katsina sau 12 ya kammala, ƙaramin ya maƙale. Bambancin bai zo daga iska ba, daga tsaro ya zo, da biyan kuɗi a kan kari, da hukumar da ke bin aiki har ƙarshe ko an canza gwamnati.

Kenya ma ta ɗanɗana nata. Tashar tafkin Turkana, mai injina 365 da megawat 310, an gama kafa ta a 2017, amma layin da zai ɗauki wutar tsawon fiye da kilomita 400 bai kammala ba sai a 2018. Injina suka yi ta jira, gwamnati kuma ta biya tara saboda wutar da ba wanda ya sha. Da layin ya iso, tashar ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan wutar ƙasar.

Amfanin da ba a musu

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan labarai suna nufin a haƙura da iska. Amfaninta na gaske ne.

Na farko, ba ta buƙatar mai. Da zarar an kafa injin, ba tankar da za a jira daga Bur Sudan, ba dalar da za a nema kowane wata. Injin zamani yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki, kuma cikin shekararsa ta farko yakan mayar da makamashin da aka kashe wajen ƙera shi.

Na biyu, ba hayaƙi, kuma ba ya shan ruwa. Tashar da ke ƙona mai tana buƙatar ruwan sanyaya injina, wannan kuwa babbar magana ce a garin da ruwan shansa daga kogin Atbara ake turo shi tafiyar kilomita masu yawa.

Na uku, ba ya korar manomi. Madatsar Marawi mai megawat 1,250, wadda aka buɗe a 2009, ta tashi dubban mutanen Manasir da Amri da Hamdab daga ƙasarsu. Madatsun Atbara ta Sama da Sitit da ke kusa da mu, masu megawat 320, su ma sai da aka sauya wa dubban iyalai matsuguni. Injin iska ɗan wurin da gindinsa ya tsaya da hanyar zuwa gare shi kawai yake ci, ana noman dawa har kusa da ƙafarsa, raƙuma na kiwo a ƙarƙashinsa.

Na huɗu, wanda yaƙi ya koya mana, ana iya rarraba shi. Ƙasar da ta tara yawancin wutarta a madatsu ƙalilan, hari guda kan taransifoma ya isa ya kashe wa jihohi uku wuta. Ƙananan injina a garuruwa daban-daban ba su mutuwa rana ɗaya.

Kuma ba mafarki ba ne. Denmak, inda la Cour ya fara gwajinsa, yanzu fiye da rabin wutarta daga iska take samu. Masar na da manyan tashoshi a Za'afarana da Jabal Zait a gaɓar Bahar Maliya, tekun da mu ma muke da gaɓarsa. Senegal ta buɗe ta Taiba Ndiaye mai kusan megawat 160 a 2020.

Illolin da ba a faɗa a wajen bikin buɗewa

Babbar illa ita ce wadda alhazan Sawakin suka sani: iska ba ta karɓar umarni. Yawancin injina ba sa fara ba da wuta sai gudunta ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma idan ya kai wajen mita 25 dole su tsaya don kada su karye. Habub ɗin da ke tuge rufin ɗaki ba riba ce ga injin ba, barazana ce. Don haka injin da aka rubuta masa megawat 1, idan aka tara aikinsa na shekara, abin da yake bayarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba, sai a wurare na musamman. Dole a haɗa shi da madatsa, ko hasken rana, ko batir.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowane kansila da ɗan majalisa ya haddace. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Idan ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ke saura. Ma'ana, wurin da iskarsa ke da ɗan dama-dama da wurin da take da ƙarfi, tazararsu a wajen wuta kamar ta sama da ƙasa ce. Shi ya sa ake kafa ma'auni a kan dogon ƙarfe a auna shekara guda ko fiye kafin a zuba kuɗi. Binciken da aka yi a Sudan ya fi nuna arewa, wajen Dungula, da gaɓar Bahar Maliya. A Dungula ne aka tsara tasha mai megawat 100, kuma can aka kai injin farko mai kimanin megawat 1 a 2021 da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya ce a kafa manyan injina a Gadarif don kawai yana jin iska na kaɗa rigarsa, a tambaye shi takardar awo.

Kuɗin ma gaba ɗaya ake zuba shi tun farko, kuma da dala. Injin dizal araha ne ranar saye, tsada kullum. Na iska tsada ne ranar saye, sauƙi daga baya. Talaka da gwamnatin da ba ta da kuɗi sukan zaɓi na farkon ko sun san lissafin. Ga wahalar sufuri: fiffiken babban injin ya fi tirela biyu tsawo, baƙar lakar Gadarif kuwa da damina ko tarakta kan kafe a cikinta.

Ƙura tana cin bakin fikafikai, tana shiga boris, zafi na gajiyar da na'urori. Injin yana da ƙara, ba a manna shi da gidaje. Yana kuma kashe tsuntsaye da jemagu idan aka kafa shi a kan hanyarsu, gaɓar Bahar Maliya kuwa babbar hanya ce ta tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka, irin su shamuwa da mikiya. A Jabal Zait an ɗauki masu sa ido da ke sa a tsayar da injina idan garken tsuntsaye ya doso. Ana iya rage ɓarnar, amma sai an yi niyya tun wajen zaɓar wuri.

Abin da ya rage gare mu

Idan aka jera Jazira da Lambar Rimi da Turkana, abu guda ke fitowa. A cikinsu babu inda iska ta saɓa alkawari. A Jazira kayan gyara da makanike aka rasa, a Lambar Rimi tsaro da bibiya, a Turkana waya. Injin iska kamar dokin sarki yake, sayensa rana ɗaya ne, harawarsa kullum.

Saboda haka ran da aka sami zaman lafiya aka zo maganar sake gina ƙasa, kuma masu kwangila za su zo da hotuna masu kyau, akwai tambayoyin da ya kamata mu yi kafin mu tafa. Shekara nawa aka yi ana auna iskar wurin? Wa zai gyara injin bayan baƙi sun tafi, kuma a ina aka koya masa? Ina ma'ajiyar kayan gyara? An ja layin da zai ɗauki wutar? Wane asusu ne zai biya giris da albashin mai gadi a shekara ta goma? Duk aikin da ba shi da amsar waɗannan, tun ran gini ya kamata a san makomarsa.

Manyan tashoshi a bar su inda awo ya nuna, Dungula da bakin teku, wutar za ta iso mu ta layi. Rabon Gadarif ya fi kusa da ƙasa. Famfon iska irin na Jazira ba ya buƙatar iska mai ƙarfi, kuma tanki shi ne batirinsa. Inda ake da rijiya mai ruwa, ko hafir, ko bakin Rahad da Atbara, yana iya ɗaga ruwa wa mutane da dabbobi cikin dare lokacin da farantan hasken rana suka yi barci. Ƙarfe ne da boris da fata. Masu walda da makanikan Gadarif da suka shekara suna raya tsofaffin taraktoci da kayan da suka ƙera da hannunsu ba za su gaza a kansa ba, in an koya musu. Jami'ar Gadarif da makarantun sana'a na iya fara awon iska da horar da matasa tun yanzu, wannan ba ya jiran dala miliyan.

Hausawa na cewa iska na wahalar da mai kayan kara. Gaskiya ne, amma ita ce dai ke tsabtace wa mai shiƙa hatsinta. Wanda ya shirya mata ya ci moriyarta, wanda ya tare ta da gaggawa ta watsa masa kaya. Mutanen Jazira da na Katsina sun riga sun biya mana kuɗin wannan karatu, saura mu ɗauka.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya ba mu shugabanni masu gama abin da suka fara. Amin.